WAIWAYE: Manute Bol, dogon Sudan da jami'a ta ga tsawonsa ba ta ga gobensa ba

A shekarar 2002 wani dogon mutum ya sauka Amurka daga Alƙahira, riƙe da takardar ɗan gudun hijira, aljihunsa babu komai. Ba baƙo ba ne a ƙasar. Shekara goma ya yi yana buga ƙwallon kwando a gasar NBA, wadda ta fi kowace gasar ƙwallon kwando kuɗi a duniya, ya kuma karɓi miliyoyin daloli. Sunansa Manute Bol. Tsawonsa ƙafa bakwai da inci bakwai, wato mita 2.31. Har yau ba a yi wanda ya fi shi tsawo a tarihin gasar ba, sai dai Gheorghe Muresan ɗan Romaniya da suke kai ɗaya.

Akwai tsohuwar gardama kan jami'o'in da ke ɗauko yara domin su buga musu wasa: shin suna shirya su su zama ƙwararrun 'yan wasa, su kuma iya riƙe kansu idan wasa ya ƙare, ko kuwa ƙarfinsu kawai ake ci? Rayuwar Bol ta taɓo kowane ɓangare na wannan gardama, domin jami'o'i biyu ne suka ja shi, daga Khartoum kuma tafiyar ta fara.

Daga garken shanu zuwa Khartoum

Bol ɗan ƙabilar Dinka ne daga Turalei, a kudancin Sudan, yankin da yanzu yake cikin Sudan ta Kudu. Takardunsa sun ce an haife shi ran 16 ga Oktoba, 1962. Sai dai a ƙauyensu ba a rubuta ranar haihuwa, kuma Kevin Mackey, kocin da ya fara karɓarsa a Amurka, ya faɗa daga baya cewa shi ne ya ƙirƙira masa wannan rana. Ka ga tun daga nan, wasu ne ke cike masa takarda.

Kiwon shanu ya taso yana yi, kamar yadda 'ya'yan Fulani ke tasowa a nan wajenmu, bai yi karatun boko ba. Shi da kansa yakan ba da labarin yadda ya taɓa kashe zaki da mashi a wajen kiwo. Ƙwallon ƙafa ya fara gwadawa, tsawo ya hana shi. Yana da kamar shekara 15 ya koma ƙwallon kwando a garin Wau, daga can aka ɗauko shi zuwa Khartoum.

Khartoum na wancan lokaci gari ne na ƙwallon ƙafa. Idan ka haye kogin Nilu ka shiga Omdurman, zancen Al-Hilal da Al-Merrikh ne a bakin kowa. Bol ya yi shekaru yana buga ƙwallon kwando a birnin, har ya shiga tawagar ƙasa, ya koyi Larabci, ya kuma sha tsangwamar da 'yan kudu ke sha a arewa. A cikin garin nan Jami'ar Khartoum take, wadda ta samo asali daga Kwalejin Gordon ta 1902. Amma ai ƙofarta ba ta buɗuwa ga wanda bai yi firamare ba, komai tsawonsa.

A 1982 wani koci Ba'amurke, Don Feeley, wanda ya taɓa horar da 'yan wasan Jami'ar Fairleigh Dickinson, ya zo Sudan koyar da tawagar ƙasa. Da ya ɗora ido a kan Bol, magana ta ƙare. A 1983 Bol ya tafi Amurka, shekarar da yaƙin basasa na biyu ya ɓarke a Sudan tsakanin gwamnatin Ja'afar Numeiri da 'yan tawayen SPLA na John Garang.

Jami'a biyu cikin shekara biyu

Birnin Cleveland aka fara kai shi, domin ya buga wa Jami'ar Cleveland State, inda Mackey yake koci. To, a nan aka gamu da cikas. Bol ba ya jin Turanci sosai, ba ya iya karanta shi ko rubuta shi. Aka saka shi a wata cibiyar koyon Turanci da ke harabar Jami'ar Case Western Reserve, ya yi watanni, amma abin da ya samu bai isa a ba shi gurbin karatu ba. Ko wasa ɗaya bai buga wa Cleveland State ba. Daga baya hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta hukunta jami'ar saboda taimakon kuɗi da aka bai wa Bol da wasu 'yan Afirka biyu ba bisa ƙa'ida ba.

A tsakanin haka ƙungiyar San Diego Clippers ta zaɓe shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1983, amma NBA ta soke zaɓen, ta ce bai cika sharuɗɗa ba.

Sai Jami'ar Bridgeport ta jihar Connecticut, mai buga rukuni na biyu, wadda ke da tsarin koyar da baƙi Turanci. Ita ta karɓe shi. A kakar wasa ta 1984 zuwa 1985, ƙarƙashin koci Bruce Webster, Bol yakan ci maki 22.5 a matsakaici a kowane wasa, ya cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 13.5, ya kuma doke ƙwallon abokan hamayya kafin ta shiga sau 7.1. Ɗakin wasan jami'ar da a da mutum 500 ko 600 ke zuwa, sai ga kujeru 1,800 ɗinsa suna cika maƙil. Jami'ar da ba kowa ya san da ita ba ta shiga jaridu da talabijin.

Kaka ɗaya ya yi ya bar karatun. A watan Mayun 1985 ya shiga wata ƙaramar ƙungiyar ƙwararru, Rhode Island Gulls, domin yana neman kuɗin da zai fitar da 'yar'uwarsa daga Sudan, inda yaƙi ke ci. Wanda danginsa ke cikin wuta, ba ka ce masa ya jira shekara huɗu ya karɓi digiri.

Shekara goma a NBA

Washington Bullets ta ɗauke shi a 1985, shi ne na 31 a jerin. Masu sharhi da yawa sun ce ba zai yi ƙarko ba, domin duk tsawon nan nauyinsa bai kai kilo 100 ba. A kakarsa ta farko ya doke ƙwallo sau 397, adadin da har yau babu sabon ɗan wasan da ya kai. Sau biyu yana zama na ɗaya a gasar a wannan fanni, a 1986 da 1989. A kakar 1987 zuwa 1988 ya yi wasa tare da Muggsy Bogues mai mita 1.60, aka haɗa mafi tsawo da mafi gajarta a ƙungiya ɗaya, masu ɗaukar hoto suka samu abin yi.

Daga nan ya je Golden State Warriors, da Philadelphia 76ers, da Miami Heat. Ya gama da wasa 624, maki 1,599, doke ƙwallo 2,086. Shi kaɗai ne a tarihin NBA wanda yawan ƙwallon da ya hana ta shiga ya fi yawan makin da ya ci.

Idan ana maganar shirya yaro domin ƙwararren wasa, to Bridgeport ta yi nata: ta ba shi fili, duniya ta gan shi. Sauran rabin tambayar ne ke da nauyi.

Ina kuɗin suka tafi?

A nan ya kamata a yi wa Bol adalci. Ba irin labarin da aka saba ji ba ne na ɗan wasan da ya ƙarar da dukiya a motoci da shagali. Kaso mai tsoka na kuɗinsa gida ya tafi. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne dala miliyan 3.5 da ya bayar ga 'yan tawayen kudu. Ya riƙa ziyartar sansanonin 'yan gudun hijira, yana ɗaukar nauyin dangi masu ɗimbin yawa, yana bin 'yan majalisar Amurka yana faɗa musu halin da mutanensa ke ciki. Wannan ba rashin sani ba ne, zaɓinsa ne.

Amma akwai ɓangaren da rashin karatu ya yi masa illa. Ya zuba kuɗi a harkokin kasuwanci da suka durƙushe, ciki har da wani gidan abinci a Washington. Mutumin da karatun Turancinsa bai yi nisa ba, dole ya dogara da wani ya karanta masa yarjejeniya, wani ya yi masa lissafi. Kwano a hannun wani, ai sai abin da ya zuba maka.

Bayan 1995 ya ɗan taɓa wasa a ƙananan gasa a Amurka da Italiya, ciwon gaɓoɓi ya tsayar da shi. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya da gwamnatin Umar al-Bashir ta ƙulla da wasu ɓangarorin 'yan tawaye a Khartoum a 1997, sai ya koma birnin da ya fito da shi. Ya tarar da garin cike da 'yan kudu da yaƙi ya koro, a sansanoni irin su Wad al-Bashir a gefen Omdurman da Jabal Auliya a kudancin Khartoum. An yi masa tayin muƙamin ministan wasanni. A bayanin da shi ya bayar, an gindaya masa sharaɗin ya bar Kiristanci ya musulunta, ya ƙi. Daga nan dangantaka ta yi tsami, aka zarge shi da goyon bayan 'yan tawaye, aka hana shi fita. A Khartoum aka haifa masa ɗansa Bol Bol a watan Nuwamban 1999. Sai a 2001 ya samu ya tsallaka Masar, ya yi watanni yana neman izinin komawa Amurka.

Abin da ya biyo baya ba daɗin ji. Babu digiri, babu sana'a, sai tsawo da suna, don haka su ya riƙa sayarwa. A 2002 ya shiga damben nishaɗi a tashar Fox da William Perry, tsohon ɗan ƙwallon zari-ruga, bisa sharaɗin a nuna lambar wayar gidauniyarsa ta Ring True a talabijin. Ya sa hannu na kwana ɗaya da wata ƙungiyar hoki ta kan ƙanƙara a Indianapolis, alhali bai iya tafiya kan ƙanƙara ba. Mutane na dariya, shi kuwa yana tara wa 'yan gudun hijira kuɗi. A 2004 ya yi mummunan haɗari cikin tasi a Connecticut, ya karye a wuya, direban ya mutu. Ba shi da inshorar lafiya. Tsofaffin abokan wasansa, irin su Chris Mullin, su suka tashi neman taimako.

Laifin jami'a ne?

Mai kare jami'a zai ce shekara ɗaya tak Bol ya yi, kuma shi ya tafi da ƙafarsa. Gaskiya ne. Zai kuma kawo misalin Dikembe Mutombo ɗan Kongo, wanda ya shiga Jami'ar Georgetown a 1987, ya kammala a 1991, ya yi dogon zamani a NBA, ya buɗe asibiti a Kinshasa a 2007 da sunan mahaifiyarsa. Sai dai Mutombo ya iso da karatun sakandare a hannunsa, da niyyar zama likita ma ya zo. Jami'a ta samu tushe ta ɗora gini. Bol bai zo da tushen ba, waɗanda suka ɗauko shi kuwa sun san haka tun a Khartoum.

Kuma kada a ce matsalar baƙi ce kawai. Dexter Manley, Ba'amurke ɗan zari-ruga, ya yi shekara huɗu a Jami'ar Oklahoma State, amma a 1989 ya tsaya gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya bayyana cewa ya fita bai iya karatu ba. NCAA da kanta ta sha faɗa cewa ƙasa da kashi 2 cikin 100 na ɗalibai 'yan wasa ne ke zama ƙwararru. Bol yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da suka dace, ga kuma yadda ta kaya masa. To, ina ga sauran 98?

Makarantu 41

Shekarunsa na ƙarshe a Olathe ta jihar Kansas ya yi su, yana aiki da wata ƙungiya mai suna Sudan Sunrise. Abin lura shi ne, mutumin da ƙwallon kwando ta kai ko'ina bai ce a gina filayen wasa ba. Makarantu 41 ya sa a gaba, waɗanda za su karɓi kowane yaro ba tare da duba addini ko ƙabila ba, aka fara da ta Turalei. Shi ya fi kowa sanin abin da ya rasa.

A 2010 ya koma Sudan domin aikin makarantar, zaɓen watan Afrilu ya same shi a can, ciwo ya tsananta. Ya rasu ran 19 ga Yuni, 2010, a asibitin Jami'ar Virginia da ke Charlottesville, sakamakon ciwon ƙoda da wata muguwar cutar fata da ake kira Stevens-Johnson. An kai gawarsa Turalei aka binne. Shekara ɗaya da 'yan kwanaki bayan nan, ran 9 ga Yuli, 2011, Sudan ta Kudu ta samu 'yanci.

Ya bar baya. Luol Deng, wanda Bol ya nuna wa shi da yayyensa ƙwallon kwando suna gudun hijira a Masar, ya yi shekara ɗaya a Jami'ar Duke, ya yi fice a NBA, ya zama shugaban hukumar ƙwallon kwando ta Sudan ta Kudu, wadda ta kai ƙasar gasar Olamfik ta Paris a 2024. Bol Bol kuwa, haifaffen Khartoum, wasa tara ya buga wa Jami'ar Oregon, ya ji rauni a ƙafa, ya wuce NBA a 2019. Shi ma kaka ɗaya.

A Kano da Zariya da Kaduna akwai dogayen yara da ke mafarkin zama Hakeem Olajuwon, akwai kuma dillalan da ke yawo da alƙawarin gurbin karatu a waje. Ba a ce kada a tafi ba. Masai Ujiri a Zariya ya taso, ya je Amurka ta wannan hanya, wasansa bai kai shi NBA ba, amma ya zama shugaban Toronto Raptors da ta ci kofin gasar a 2019. Kansa ne ya kai shi inda ƙafarsa ba ta kai shi ba. Don haka kafin uba ya sa hannu, ya tambaya: me yaron zai karanta, wa zai biya asibiti idan ya karye, kuma idan koci ya daina buƙatarsa, gurbin karatun zai ci gaba ko da shi zai tafi? Sannan ya tabbatar yaron ya iya karanta takardar da kansa. Manute Bol bai samu mai yi masa waɗannan tambayoyi ba ranar da ya bar Khartoum.