Yosef Sudek, Mai Hoto da Hannu Ɗaya

Sa'ad da muka fita gwajin koyarwa a zangon da ya wuce, akwai wani yaro a ajina wanda hannunsa na dama ya shanye. Ran da na raba aikin hannu sai na tsallake shi, a zatona tausayinsa na ji. Da muka komo Koleji na karanta labarin wani mutum, kunya ta kama ni. Ga labarin.

An haifi Yosef Sudek a garin Kolin, cikin ƙasar Cek, a 1896. Ubansa ya rasu tun yana ƙarami. Da ya tasa ya koyi ɗinkin littattafai. A 1915 aka ɗauke shi soja, gama ƙasarsu a zamanin nan tana hannun Ostiriya. Aka kai shi bakin daga a Italiya, ya sami rauni, a 1917 likitoci suka yanke masa hannun dama. Sana'arsa ta tafi ke nan.

Amma bai zauna yana kukan hannu ba. A 1922 ya shiga makaranta a birnin Prag, ya yi shekara biyu yana koyon ɗaukan hoto. Ya fara da 'yan'uwansa sojan da yaƙi ya naƙasa. Daga nan ya koma ga babbar majami'ar Prag, wadda magina su ke ƙarasawa, aka buga hotunan a 1928. Da hannun hagu ya ke ɗaukan babban akwatin hoto da ƙafafunsa, ya kafa, ya yi ta jira har hasken rana ya faɗo inda ya ke so.

Da Jamusawa suka mamaye ƙasar, yawo da akwatin hoto ya zama da hatsari. Tun daga 1940 sai ya juya akwatinsa ga tagar ɗakin aikinsa. Raɓa bisa gilashi, da itacen tuffa a lambu, su ya yi ta ɗauka har wajen shekara 14, suna kuwa cikin hotunansa da aka fi yabo. A 1959 ya fitar da littafin hotunan Prag 284. Ya rasu a 1976, yana da shekara 80.

'Yan'uwana malaman gobe, da malaminsa ya tsallake shi yadda na tsallake yaron nan fa? In Allah ya komar da ni ajin nan, shi zan fara miƙa wa kayan aiki.