Alhassan Ɗantata: jikan baƙin fatake da ya zama babban attajirin Kano

A shekarar 1929, da bankin Turawan Ingila ya buɗe reshe a Kano, Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar tsabar kuɗin azurfa lodin raƙumi 20. Wannan ne labarin da aka fi riƙewa game da shi. Asalinsa kuwa ba a cika tsayawa a kai ba, alhali a nan ne sirrin dukiyar yake.

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa, mutanen da kakanninsu suka gangaro daga ƙasar Azbin suka zauna a Katsina da Kano, suka kama fatauci har suka zama Hausawa. Kakansa Baba Talatin daga Katsina ya ƙaura zuwa Madobi. Sana'ar gidan ita ce goro: ayari ya tashi da tufafi da kanwa da fatu, ya yi watanni a hanya kafin ya isa Gwanja. Wasu ayarin ta yamma suke bi, su yada zango a Jega ko Yawuri, a jihar Kebbi ta yau, kafin su ƙetare Kwara.

Yana ƙaramin yaro mahaifinsa Abdullahi ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta koma Ankara, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Sunan wannan baiwa gidan yake amsawa har yau. Ya yi karatun allo a Bebeji, ya kuma ɗanɗani wahalar basasar Kano da ta ɓarke a 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa.

Basirarsa ta fara bayyana ne a zaɓin hanya. Yayin da sauran fatake ke bin turbar jakuna, shi sai ya riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar ƙasar Gana zuwa Ikko, daga can ya yi arewa da shi. Goro kaya ne mai saurin lalacewa, don haka duk kwanan da aka rage a hanya riba ce.

Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano suka duba farashi suka shuka gyaɗa. Kamfanonin Turawa suna da jari, amma ba su san ƙauyuka ba, ba su kuma san wanda za a ba bashi a yi barci ba. Fataken goro sun daɗe da sanin duka biyun. Ɗantata ya zama dillalin kamfanin Neja, ya baza yaransa a karkara da kuɗin saye, har buhunan da ya tara suka shiga cikin dalar gyaɗa da Kano ta yi suna da ita. Sai dai a faɗi gaskiya: kaso mafi tsoka na wannan ciniki Ingila yake tafiya, kuma manomin da ya ci bashi tun damina ba shi da bakin tayawa ranar kaka.

Masu jayayya a yau kan takardar shaidar ɗan ƙasa, da wane ne baƙo a wane gari, ya kamata su lura cewa Kano ba ta tambayi Ɗantata inda kakansa ya fito ba kafin ta ba shi wurin zama a unguwar Sarari. Shi ma haka Ankara da Ikko suka karɓe shi.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma, aka binne shi a gidansa na Sarari. 'Ya'yansa Ahmadu da Sanusi da Aminu suka ci gaba da kamfanin. 'Yar Sanusi, Mariya, ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote.