Frederick Lincoln, Mutumin da Ya Ƙirga Agwagin Daji

Gwaninmu na wannan mako shi ne Frederick Lincoln, masanin tsuntsaye ɗan Amurka, wanda aka haifa a birnin Denver a 1892. A 1920 gwamnatin ƙasarsa ta ba shi jagorancin aikin sanya wa tsuntsaye zobe a ƙafa.

A lokacin mafarauta na ta harbin agwagin daji, ba wanda ya san nawa suka rage. To, yaya za a ƙirga abin da ke shawagi a sama? A 1930 Lincoln ya fito da dabara. Mu ɗauka an sa wa agwagi 100 zobe, aka sake su. Daga baya aka kama 50, aka tarar 10 na da zobe, wato ɗaya cikin biyar. Ke nan 100 ɗin farko kashi ɗaya ne cikin biyar na duka, jimilla kusan 500.

Zobban sun kuma nuna masa manyan hanyoyi huɗu da agwagin ke bi wajen ƙaura, kuma har yau da su ake tsara dokokin farauta a Amurka. Ya rasu a 1960.

'Yan uwa ɗalibai, mu daina gyangyaɗi a darasin lissafi.