Polly Hill, Baturiyar da ta bi talauci gida-gida a Batagarawa

An haifi Polly Hill a birnin Cambridge na ƙasar Ingila a watan Yuni 1914, a gidan masana. Mahaifinta A. V. Hill ya samu lambar yabo ta Nobel, kawunta kuwa shi ne John Maynard Keynes, wanda sunansa ya game duniya a fannin tattalin arziki. Ita ma fannin ta karanta, ta gama a 1936. Amma yayin da kawun ya shahara da lissafin dukiyar ƙasa baki ɗaya, ita rumbun manomi ta sa wa ido.

Bayan aikin gwamnati da na jarida, ta koma Ghana a 1954. Littafinta na 1963 ya nuna cewa manoman koko na kudancin ƙasar da kansu suka yi ƙaura, suka sayi filaye, suka zuba jari.

A 1967 ta zo Batagarawa, kusa da Katsina. A lokacin, masana da yawa na ɗaukar cewa mutanen ƙauye duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Ta bi gonaki da gandaye, ta tambayi wa ke da taki, wa ke sayar da gona, wa ke zuwa ƙwadago, hatsin wa ke kaiwa damina. Abin da ta samu, ta buga shi a Rural Hausa cikin 1972: tazara tsakanin magidanta babba ce. Mai hali na ajiye hatsi har ya yi tsada. Marar hali kuwa da kaka yake sayarwa da araha don biyan bashi, rumbunsa ya ƙare da wuri, sannan a tsakiyar noma ya bar gonarsa ya tafi ta wani neman na tuwo. Talaucin ne ke hana shi noman da zai fid da shi. Manomin gero na Abala ko Filinge ba ya bukatar a fassara masa wannan, amma masu tsara manufofi sun daɗe ba su sa shi cikin lissafi ba.

Ta kuma lura da cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida, yara na kai musu talla, kasuwa ce sukutum wadda ƙididdigar hukuma ba ta gani.

Daga baya ta yi irin wannan aiki a Ɗorayi ta Kano da kudancin Indiya. A 1986 ta fitar da Development Economics on Trial, inda ta caccaki masu gina shawara kan alƙaluman da ba a tantance ba. Ba ta sassauta harshe ba, kuma masanan da ta soka ba su cika kula ta ba. Masu nazarin al'umma ne suka fi riƙe aikinta.

Ta koyar a jami'ar Cambridge daga 1973 zuwa 1979. Ta rasu ranar 21 ga watan Agusta 2005, tana da shekara 91.