Capablanca: Gwanin da baiwa ta ɗaga, sakaci ya sauke

An haifi José Raúl Capablanca a Havana, babban birnin Kyuba, ranar 19 ga Nuwamba, 1888. Tun yana yaro ya naƙalci wasan ces, darar nan da ake farautar sarkin abokin karawa a kan allo mai gidaje 64. A 1913 ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa ta ɗauke shi aiki, abin da ya ba shi damar zagaya duniya yana fafatawa.

Wasan da ya fi fito da baiwarsa shi ne wanda ya buga da Frank Marshall, zakaran Amurka, a birnin New York cikin Oktoban 1918. Sun fara da sanannen buɗin wasa mai suna Ruy Lopez. A motsi na takwas, Marshall ya miƙa dakare ɗaya kyauta domin ya buɗe wa sauran mayaƙansa hanyar afka wa sarkin Capablanca. Tarko ne da aka ɗana tun daga gida. Capablanca ya karɓi kyautar, ya yi ta kare kansa da lissafin da yake yi nan take, har farmakin ya mutu, sannan ya yi nasara. Duk da haka, salon na ɗauke da sunan Marshall har yau, kuma manyan 'yan wasa na amfani da shi.

A 1921 ya karɓe kambun duniya daga hannun Emanuel Lasker na Jamus, wanda ya riƙe shi shekara 27. Tsakanin 1916 da 1924 babu wanda ya doke shi a gasa.

Wannan sauƙin nasara ne ya yaudare shi. A 1927 ya je Buenos Aires ta Ajantina ba tare da cikakken shiri ba, alhali Alexander Alekhine, haifaffen Rasha, ya yi wa wasanninsa nazarin ƙwaƙwaf. Cikin wasa 34, Alekhine ya ci shida, Capablanca uku, aka yi canjaras 25. Kambun ya tafi, kuma Alekhine bai sake ba shi damar ramawa ba.

Ya yanke jiki ya faɗi a kulob ɗin ces na Manhattan, ya rasu washegari, 8 ga Maris, 1942, yana da shekara 53.