George Adamson: Mutumin da ya mayar da zakuna daji

An haifi George Adamson a ranar 3 ga watan Fabrairu na shekarar 1906 a garin Etawah na ƙasar Indiya, a lokacin tana ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila. Mahaifinsa ɗan Ailan ne, mahaifiyarsa kuma Baturiyar Ingila.

Bayan ya yi karatu a Ingila, sai ya bi mahaifinsa zuwa Kenya a 1924, yana ɗan shekara 18, domin ya taya shi noman gahawa.

Noma bai karɓe shi ba. Ya taɓa haƙar zinariya, ya taɓa fataucin awaki, ya kuma yi jagorancin masu farautar nishaɗi, duk ba tare da ya tara abin kirki ba.

A 1938 ne ya shiga hukumar kula da namun daji ta Kenya, aka kuma ba shi kula da yankin arewacin ƙasar, wanda yake da faɗi da ƙarancin ruwa. Aikinsa ya haɗa da kama masu farauta ba bisa ƙa'ida ba, da kuma harbe duk wani zakin da ya addabi jama'a da dabbobinsu. Wato dai mutumin da duniya ta sani da ƙaunar zakuna, da kashe su ya soma.

A 1944 ya auri Joy, wata mai zane 'yar asalin Ostiriya.

Elsa

A farkon 1956, yana cikin neman wani zaki mai cin mutane, sai wata zakanya ta yo kansa, ya harbe ta. Daga bisani ne ya gane cewa 'ya'yanta uku take karewa.

Ya kwashi 'ya'yan ya kai wa matarsa. Da suka yi wayo aka aika da biyu gidan ajiye namun daji na birnin Rotterdam a ƙasar Holan, suka riƙe ƙaramar, wadda suka raɗa wa suna Elsa.

Ra'ayin da ya fi rinjaye a wancan zamani shi ne, zakin da ya girma a hannun mutum ba shi da makoma sai keji ko harsashi, tun da bai iya farauta ba, kuma ba ya tsoron mutane. George da Joy suka ƙi yarda da haka. Suka kai Elsa dajin Meru, suka riƙa harbo mata dabba suna barinta ta ƙarasa da kanta, suna kuma tafiya su bar ta kwana da kwanaki, har ta iya ciyar da kanta.

A ƙarshen 1959 Elsa ta haifi 'ya'ya uku da wani zakin daji, abin da ya tabbatar da cewa daji ya karɓe ta. Sai dai ba ta yi tsawon rai ba, domin a watan Janairun 1961 wata cuta da kaska ke yaɗawa ta kashe ta. 'Ya'yan nata kuwa suka faɗa wa awakin ƙauyukan da ke kusa, ala tilas aka kama su aka kai su Serengeti, a ƙasar da a yanzu ake kira Tanzaniya.

Littafin da Joy ta rubuta a kan Elsa, mai suna Born Free, ya fito a 1960, ya kuma samu karɓuwa a ƙasashe da dama. Suna da kuɗi duk wajen Joy suka tafi. George dai ya ajiye aikin gwamnati a 1961, kuma da aka zo shirya fim ɗin littafin, wanda ya fito a 1966, shi ne ya kula da zakunan da aka yi amfani da su.

Da aka gama fim ɗin, ya samu aka bar masa uku daga cikinsu, Boy da Girl da Ugas, ya tafi da su Meru. Zamansa a can ya ƙare ne bayan da Boy ya ji wa ɗan wani jami'in gandun dajin rauni.

Zaman Kora

A 1970 hukumomi suka ba shi izinin zama a Kora, wani busasshen daji mai duwatsu da ƙaya a gaɓar kogin Tana. A nan ya kafa sansaninsa, Kampi ya Simba, wato sansanin zakuna da harshen Swahili, a nan kuma ya samu laƙabin Baba ya Simba, uban zakuna.

Bukkoki ne na ciyawa da aka kewaye da shingen waya. Mutane ne a cikin keji, zakuna a waje.

Dabararsa ta ginu ne a kan sanin cewa zaki ba ya rayuwa shi kaɗai. Don haka sai ya riƙa tattaro zakunan da ba su haɗa jini ba, wasu marayu, wasu daga keji, yana haɗa su har su zama garke guda. Kullum da safe zai fita da su a ƙafa, daga shi sai gajeren wando da lofe a baki, su zagaya dajin su san mashaya da iyakokin yankinsu. Yana ba su naman raƙumi, yana ragewa a hankali yayin da suke koyon farauta. Babban haɗarin da ke gabansu ma ba yunwa ba ce, zakunan daji ne, waɗanda ba sa ƙyale baƙo a yankinsu.

Wanda ya fi shahara a cikin zakunan Kora shi ne Christian, wanda wasu samari biyu 'yan Ostireliya suka saya yana ƙarami a kantin Harrods na birnin Landan a 1969. Da ya fi ƙarfinsu aka kai shi wa George. A 1971 suka je duba shi, zakin ya gane su ya rugo ya rungume su, kuma hoton bidiyon wannan haɗuwa ya bazu a intanet bayan fiye da shekara talatin. A 1973 aka yi wa Christian ganin ƙarshe.

Abin da masu kallon bidiyon da dama ba su sani ba shi ne, a wannan shekara ta 1971 Boy ya kashe ɗaya daga cikin ma'aikatan sansanin, wani ɗan Kenya, kuma George da hannunsa ya harbe zakin. A 1975 wani zaki ya kusa halaka mataimakinsa Tony Fitzjohn. Daga baya ƙanensa Terence ya sha da ƙyar, haka ma wata 'yar jarida daga Japan. A 1980 gwamnati ta hana shi karɓar sababbin zakuna.

A farkon wannan shekarar ce kuma wani tsohon ma'aikacin Joy ya kashe ta a dajin Shaba, inda take renon wata damisa. Sun daɗe ba sa zaune tare, amma ba su rabu da aure ba.

Masana kimiyya ba su taɓa gamsuwa da aikin George ba. Hujjarsu ita ce, abin da ke ƙarar da zakuna shi ne ƙanƙancewar daji da raguwar abin farauta da rikici da makiyaya, kuma sakin 'yan tsirarun zakunan da suka saba da mutane ba ya magance ko ɗaya daga ciki. Hujjar tana da ƙarfi, kuma har yanzu ita ce matsayar yawancin masana. Amma za a yi masa adalci a ce zamansa ne ya sa aka mayar da Kora keɓaɓɓen daji a 1973, kuma yana cikin waɗanda suka sauya yadda mutanen duniya ke kallon zaki, daga abin harbi zuwa dabba mai hali da dangi.

Ƙarshensa

Shekarun 1980 sun yi wa Kora tsanani. Makiyaya Somaliyawa, waɗanda su ma fari ne ke koro su, sun riƙa shigowa da raƙuma da shanu, ana kuma sa wa zakuna guba idan sun taɓa dukiya. Ga kuma 'yan bindiga masu neman hauren giwa. Terence ya mutu a 1986, amma George ya ƙi barin wurin. A 1988 aka sake ba shi izinin renon wasu marayun 'ya'yan zaki guda uku.

A ranar 20 ga watan Agusta na 1989, wata guda bayan Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a Nairobi, 'yan fashi suka tare motar sansanin da ke ɗauke da wata baƙuwa Bajamushiya. Da George ya ji ƙarar bindiga sai ya shiga motarsa ya nufe su gadan-gadan. Suka harbe shi tare da ma'aikatansa biyu, matar kuwa ta tsira. Yana da shekara 83.

An binne shi a Kora kusa da ƙanensa, kuma gwamnati ta ɗaga darajar wurin zuwa gandun daji na ƙasa. Marayun nan uku kuwa, aka kai su ƙasar Botswana aka sake su a can.