Robert-Houdin, Mai Dabon Da Aka Aika Aljeriya

Wanda duk ya je birnin Paris neman wasan rufa-ido zai ji sunan Robert-Houdin. An haife shi a garin Blois, a Faransa, cikin 1805. Ubansa mai gyaran agogo ne, shi ma a nan ya koyi aikin ƙananan ƙarafa. Cikin 1845 ya buɗe gidan wasa a Paris, yana fitowa da kwat irin ta manyan mutane, ba da shigar bokaye ba.

To, cikin 1856 sai Gwamnatin Faransa ta aika shi Aljeriya, don ya karya kwarjinin malaman da ke zuga jama'a su ƙi mulkin mallaka. Ya ajiye wani ɗan akwati, ya kira wani ƙato ya ɗaga, ya ɗaga ba wuya. Sa'an nan ya ce ya zare masa ƙarfi. Ƙaton ya yi ta nishi, akwati ko motsi. Ashe gindinsa na ƙarfe ne, an kuwa ɓoye maganaɗisu mai aiki da lantarki ƙarƙashin dandamali. A ganina wannan ba wasa ba ne, yaƙi ne ba bindiga. Sai dai a tuna, yawancin labarin daga littafinsa ya fito.

Ya mutu cikin 1871. Shahararren mai dabon Amurka, Houdini, daga sunansa ya ari nasa. An rushe gidan wasan na Paris, amma a Blois akwai gidan tarihin dabo mai sunansa, daura da fadar sarakunan da.